Motar da ba ta jin turi

Ɗan ƙanena ya same ni a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini waya. "Baba, duba mini waɗannan." Hotunan motoci biyu ne, duka Corolla, duka farare. Albasa ta yi masa albarka shekara biyu a jere, yana so ya huta da hawan kabu-kabu da motocin kasuwa tsakanin Madawa da Buza. Ɗaya mai giyar hannu ce. Ɗayar otomatik ce irin ta yanzu, wadda ake rubuta wa CVT. Tun kafin ya buɗe baki na ga inda zuciyarsa take, a kan otomatik ɗin. Albarka ya zo nema, shawarar don kunya ya ambace ta.

Sabuwa yake ce mata. A nan wurinmu sabuwar mota ita ce wadda ba a taɓa ganin ta a gari ba, ko da ta shekara goma tana yawo a Amurka kafin a ɗora ta a jirgin ruwa. Da ta Kwatano suke shigowa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 sai ta Lome da Burkina, kuɗin hanya ya ƙaru, kuma mai saye ne ke biya. Ba wanda ya san hannu nawa ta bi, ko an taɓa canza mata man bwat, wato akwatin giya. Fenti da ƙamshin kujera kawai ake nuna maka.

Na ce masa, "Ɗana, idan ta mutu maka a bayan Buza, rana tsaka, wa zai buɗe ta?" Ya ce ai irin waɗannan ba sa mutuwa. Ban amsa ba. Ni ma na taɓa faɗin haka a kan wata mota.

Waɗanda suka san zamaninmu sun san Peugeot 404 bashe, mai giya a jikin sitiyari. Da ita na ci abinci shekara da shekaru, daga Madawa zuwa Buza, Keita, Tamaske, Tawa, ranar kasuwa bayan ranar kasuwa. Batir ya mutu? Fasinja su sauka su tura, ka sa giya ta biyu, ka saki ƙafa, ta tashi. Yashi ya riƙe ta? Gaba kaɗan, baya kaɗan, da kara da tabarma a ƙarƙashin taya, har ta fito. Kowane gari da ke da kasuwa yana da bakaniken da zai sauke bwat ɗinta a gindin bedi ya mayar kafin magariba, kuma kayan gyara na zuwa daga Najeriya ta Ƙonni, don tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna. Ita wannan ta ɗan ƙanena ba ta jin turi. Ku tara samarin ƙauye duka su tura ta daga Karofan zuwa Buza, inji ba zai tashi ba. Ko jan ta da igiya, tayoyin gaba a ƙasa, ɓarna ce ga bwat ɗin.

Na ga cikin irinta sau ɗaya a wani gareji a Maraɗi, na tsaya na duba da kyau. Ba giya-giya ba ne masu haƙora kamar yadda muka saba. Faya-faye ne na ƙarfe, biyu nan biyu can, masu tudu kamar kan malfa, da bel na ƙarfe a tsakaninsu. Idan biyun nan suka matse, bel ya hau sama; na can su buɗe, ya sauka ƙasa. Haka mota ke ƙara gudu ba tare da ka ji ta canza komai ba. Dabara ce mai kyau, ba zan ɓoye ba. Ba ma sabuwa ba ce: kamfanin DAF na Holan, wanda muka sani da manyan motoci, shi ya fito da ƙaramar mota mai irin wannan tsari a 1958, da bel na roba. Ƙananan baburan nan da mata ke hawa, marasa giya, su ma haka cikinsu yake. Amma dukan ƙarfin motar a kan riƙon bel ɗin nan yake, riƙon kuma a kan mai yake. Mai ya yi zafi ko ya tsufa, bel ya fara sulɓi, ya kankare fuskar faifai, ƙurar ƙarfe ta bi mai ta shiga ko'ina. Daga nan ba gyara ake yi ba a garuruwanmu, wani bwat ɗin ake nema dungurungum. Abin da ya fi cutar da ita kuwa shi ne zafi, da kaya mai nauyi, da hawan dutse a hankali, da kokawa da yashi. Wanda ya san watan Afrilu a Adar, ya san hawan Buza, ya san yadda muke loda mota, ya gaya mini wanne ne ba mu da shi a ciki.

To amma kada wani ya ɗauka giyar hannu ce ta cece ni. Ita ce a hannuna ranar da na yi abin da har yau nake neman gafararsa.

Daminar 1988 ce, shekarar ruwa mai yawa. Sati uku ambirayaj ɗina, wanda mutanen Najeriya ke ce wa kuloci, yana yi mini magana. In na taka a hawa, inji ya yi kuka, mota ba ta ƙara sauri ba. Ina jin ƙaurinsa. Yaron motata ya gaya mini, bakanike ya gaya mini. Na ce bari kasuwa ɗaya ta wuce, sai wata, sai wata. Kuɗin faifan ambirayaj ɗin yana aljihuna, kwana ɗaya na zama ne ban so in yi asara ba. Wani dare aka buga mini ƙofa a wani ƙauye na ƙasar Buza inda na kwana: mace ce naƙuda ta yi mata tsanani, kwana biyu, ana so a kai ta Galmi. Muka shimfiɗa ta a baya, mijinta da uwarta da ungozoma suna riƙe da ita. Muka iso wata ƙorama, ruwa ya janye, yashi jiƙe. Wurin da na ƙetare ba adadi. Tayoyi suka nutse, na yi gaba na yi baya kamar kullum, sai faifan ya ƙone ƙurmus. Inji na aiki, mota ba ta motsi. Sai da gari ya waye aka samo amalanken shanu. Ba ta kai asibiti ba, ita da abin da ke cikinta.

Mijin bai ce mini komai ba. Ya ce kwana ne ya ƙare, ya ma yi mini godiya. Na yarda da ƙaddara, amma ni na san abin da kunnena ya ji sati uku. Motar ba ta da laifi, ta faɗa mini.

Shi ya sa raina ke ɓaci da direbobin yanzu. Gilashi a rufe, sanyi a kunne, kiɗa na dukan ƙirji, waya a kunne ɗaya. Ta ina za su ji mota? Yaro ya koyi tuƙi a otomatik cikin sati, ya samo parmi, bai taɓa buɗe gaban mota ba. Fitila ta kunnu a gabansa, sai ya liƙa mata takarda don kada ta dame shi. Ga masu zuba kowane jan mai a bwat don an ce musu otomatik duk ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. CVT man ta daban, har kowane kamfani da nasa: Nissan na da NS-2 da NS-3, Honda na da HCF-2, Toyota ma da nata. Galan ɗin da aka sayo a bakin hanya, mai kyakkyawan tambari, wa ya san abin da ke ciki? Wani maƙwabcinmu bai cika wata huɗu da tasa ba aka yi mata bidanj da man da ba nata ba. Tana nan a ƙofar gidansa, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Kuma yawancinsu ba su san harafin da ke ƙasan D an sa shi don gangara ba ne, sai su sauko daga dutse a kan birki kaɗai har ya yi hayaƙi.

Lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, na yi jigilar mutane da kaya a wajajen Ibohaman da Garhanga. Na ga mata suna ɗaukar dutse a ka, ana jera shi a gangare don tare ruwa, ana biyan su da abinci. Tuddan da suka zama ƙaƙau sun sake fitar da itace. Abin da na riƙe daga can shi ne dutsen wurin aka yi aiki da shi, da hannun mutanen wurin, in ya rushe su ne za su mayar. Motocin da ke hawa waɗannan tuddai kuwa masu giyar hannu ne. Har gobe ku duba Hilux da Land Cruiser, ba a sa musu CVT. Masu ƙera su sun san dalili.

Duk da haka, da ɗiyata da ke aiki a Yamai ta tambaye ni bara, otomatik na ce ta saya. Cunkoson gada da safe, taka ka saki, taka ka saki, gwiwata ta hagu ta san ladan wannan aiki; yau da ƙyar nake lanƙwasa ta a sallah. A kan kwalta, ba kaya, irin wannan mota ba ta shan mai sosai, kuma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 ƴan ruwa-ruwa ba su da arahar da muka saba. Masu ƙerawa ma suna gyara kuskurensu: tun 2018 Toyota ta ƙara wa wasu nata giyar farko ta haƙora, don ita ta ɗauki nauyin tashi kafin bel ya karɓa. Kuma na ga samarin da ke ƙone ambirayaj cikin wata shida don ba su ɗage ƙafa daga kansa. Irin waɗannan gara a ba su wadda ba ta da shi. Wani lokaci ina cewa a raina, da motar da ke rage gudu da kanta in ta ji zafi ce a hannuna a 1988, wadda ba ta barin mai ita ya yi mata gardama, da wataƙila ta tilasta mini zama tun a satin farko. Sai kuma in tuna ƙoramar, in san ita ma a nan za ta tsaya, kuma ba mai buɗe ta.

Ɗan ƙanena ba a Yamai yake ba. Albasa ba a bakin kwalta take fitowa ba, a fadama take, cikin kwarin Majiya da bayan Galmi, inda hanya take bin sawun amalanke. Ya rantse mini ba zai loda mata buhu ba. Zai loda. Kuma ranar da ya zama mai mota a unguwa, ƙofarsa za a riƙa bugawa da dare, don a garuruwanmu motar mutum ɗaya ita ce motar asibitin kowa. Wannan ne bai lissafa ba, yana lissafin litar mai.

Na ce masa ya sayi mai giyar hannu, ya bar yaron gareji ya koya masa sauraron ta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Na san irin wannan to ɗin. Sai na ce kafin ya tura kuɗi Lome ya ari mota, ko wace iri, ya kai ni ƙasar Buza ranar Juma'a, akwai wurin da nake so mu tsaya. Ya ji labarin a bakin mutane, bai taɓa ji a bakina ba. Ya ce zai zo bayan sallar asuba.