In An Kama Ɗanka

Mu malamai a nan Badawa, sau da yawa iyaye sukan zo mana da hawaye, wai an kama ɗansu. 'Yan'uwa, kuka ba zai fito da shi ba, sai sanin doka. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35, ya ba shi ikon yin shiru har ya ga lauya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuwa ta hana a kama uba a maimakon ɗansa. Belin ofishin 'yan sanda kuma kyauta ne. Mu girmama ɗan sanda, gama aikinsa ne ya tsare mu, amma zargi ba hukunci ba ne. Mu koya wa 'ya'yanmu wannan tun da wuri.