Kututturan da na ƙone

Mahaifinmu ya rasu ya bar gonaki biyu a ƙasar Bunkure. Ɗaya tana layin ruwa, inda kanal ke kawo ruwan Tiga, a yi shinkafa da damina, a yi tumatir ko alkama da rani. Ɗayar kuwa ɗan tudu ne da ruwan ba ya hawa, bai cika kadada guda ba, kuma duk itatuwa ne: ƙirya bakwai, marke, aduwa, gawo biyu, sai kalgo da sabara da suka toshe tsakani. Ranar rabon gado idon kowa yana kan ta ruwa. Tudun ya faɗo a kasona, aka cika mini da 'yan kuɗi, na karɓa ina ganin an cuce ni.

Wanda bai san yankinmu ba ba zai gane darajar wannan tudu ba, ni ma ɗin a lokacin ban gane ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka baje filaye daga Kadawa zuwa Kura, gonar ruwa ta daina zama da bishiya, domin shinkafa ba ta son inuwa, kanal kuma ba ya son saiwa. Ga matan Kura masu turara shinkafa, kullum tukunyarsu na kan wuta. Shi ya sa ko sadakar arba'in ba a yi ba masu itace suka fara yi mini sallama.

Na sayar musu da ƙiryar duka. Da zarto mai inji suka zo, kwana ɗaya da wuni suka gama da abin da ya girme ni. Ban tsaya nan ba. Don in share fili, sai na sa aka kwaso ɓuntun shinkafa daga injin casa, na tula a kan kututturan na cinna wuta. Ɓuntu ba ya ci da harshe, a hankali yake cinyewa, yana bin saiwa har cikin ƙasa. Biyar na ƙone, ɓuntun ya ƙare, na bar biyu da niyyar sai wani mako. Daga baya a gurbinsu na dasa bishiyar turare, wai tana saurin girma, magina kuma na sayen sandunanta.

A rana ta uku da cinna wutar kawuna ya zo, ƙanin mahaifiyata, masassaƙi ne tun tasowarsa. Gizagonsa na rataye a kafaɗa. Ya tura ƙafa cikin tokar, hayaƙi ya taso, ya daɗe bai ce komai ba.

"Saran dai na ji, kuɗi ne ya kira ka," in ji shi. "Wutar fa, ɗana, wa ya aike ka?"

Na ce, "Kawu, ai kututture ya riga ya mutu."

"Kai ka kashe shi yau. Shekaranjiya da ransa."

A nan tsaye ya faɗa mini abin da na yi shekaru ina gani ban lura ba. Mahaifina bai taɓa kayar da ƙirya mai rai ba. Bayan kaka, idan iskar hunturu ta busar da gari, kawu ne ke hawa ya sauke reshe ɗaya ko biyu, waɗanda ya yi wa alama tun bara. Reshe mai gwiwa shi ne ƙotar fartanya, domin ƙotar da Allah ya lanƙwasa ta fi wadda gizago ya lanƙwasa ƙarko. Miƙaƙƙe ya zama taɓarya. Daga aduwa ake fitar da allon almajirai. Guntayen ƙirya kuwa maƙeri ne ke zuwa da kansa, don babu gawayin da ke riƙe wutar maƙera kamar nata. Turmi sai bishiya ta bushe don kanta ake taɓa gindinta. Gawo ma da aikinsa: yana kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani shanun Fulani su kwana ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa, su bar taki. Ashe tudun da na raina shi ke sayen gishiri da sabulun gidanmu a watannin da babu amfanin gona.

Turaren bai yi mini rana ba. Gara ta cinye fiye da rabin dashen, wanda ya tsira kuma ko ciyawa ba ta fitowa sosai a gindinsa, maƙwabcina mai albasa har ya kai ƙarata wurin mai unguwa kan saiwa. Abin da ya fi ci mini rai ƙarami ne: turmin maiɗakina ya tsage, ni da na gaji ƙirya bakwai na tafi kasuwar Kura na sayo na itace mai taushi, bai yi shekara biyu ba shi ma ya buɗe baki.

Kututture biyun nan da ɓuntu bai kai gare su ba, da ruwa ya sauka sai ga tofo ya fito musu ta ko'ina, fiye da goma a kowanne. Na ɗauki adda zan share, kawu ya riƙe mini hannu. Ya tsuguna ya zaɓi uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran da wuƙa mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Ya sa na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Haka muka bi kalgo da sabara muna ragewa maimakon tumɓukewa. Saiwar tsohuwar bishiya ce ke ciyar da tofon, shi ya sa ya wuce duk wani dashe na leda da gudu.

Daga baya na karanta cewa a Maradi wannan dabara ce ta mayar da itatuwa gonakin da suka zama fako, tun farkon shekarun 1980 da wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya shiga yaɗa ta, kuma can suna kiran ta sassaben zamani. Na faɗa wa kawu, ya yi dariya har da tari, ya ce to kakansa ma ɗan zamani ne ke nan.

Bana tofon ya kai kaurin damtsena. Kawu ba ya iya hawa yanzu, ni na sauke masa reshen da ya nuna da sanda, ya zauna a inuwar gawo ya fitar da ƙota biyu, ya ba ni gizagon in gwada ta uku, na ɓata ta. Na tambaye shi yaushe gindin zai isa turmi. Ya dafa shi, ya auna da tafin hannu, ya ce in kawo masa babban ɗana ranar Juma'a ya fara koya masa riƙon gizago.