Harsashin da Na Ƙi Mayarwa Tukunya

Sa'ad da Edita ya ce in rubuto wa 'yan'uwa wani abu daga cikin abin da na gano a Amurka, na san galibi za su so jin labarin dogayen benaye da manyan makarantu. Amma ni abin da ya fi zauna mini a rai ya faru ne a wata 'yar rumfar katako, bayan gidan wani tsohon manomi a jihar Misuri, cikin hunturun 2017. Labarin kuwa ba na yabon kai ba ne, gama ni ne mai laifi a cikinsa.

An aike ni can ƙaro ilmin koyarwa, aka saukar da ni a gidan wannan tsoho. Shi kuwa maharbi ne tun yana saurayi, amma ba ya neman manyan namun daji. Zomo da kurege kaɗai ya ke harbi, ba kuma da doguwar bindiga ba, sai da wata 'yar libarba mai cin harsashi shida. Dokar jiharsu ta yarda da haka ga wanda ya yanki takardar izinin farauta, ta kuma yanka wa farautar zomo lokaci, daga farkon Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu. A ƙasarmu ba haka abin ya ke ba, domin doka ta hana mutum riƙe irin wannan bindiga sai da izini na musamman. Saboda haka kada wani ya ɗauka koyarwa na ke yi, labari ne kurum.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsohon nan ba ya sayen harsashi a kanti. Na ce masa, "Baba, me ya sa ka ke wahalad da kanka, ga shi kuwa ana sayarwa da araha?" Sai ya ɗauko harsashi iri biyu ya aza a tafin hannuna. Ɗaya shi ne ɗan ƙaramin nan da su ke kira .22, wanda abin ta da wutarsa ya ke cikin gefen gindin kwanson, saboda haka in an harba sau ɗaya sai a yar. Ɗayan kuwa shi ne .32 mai dogon kwanso, wanda kamfanin Smith & Wesson ya fito da shi a 1896. Shi abin ta da wutarsa wata 'yar hula ce a tsakiyar gindi, ana iya cire ta a sa sabuwa, a sake ɗura kwanson tagullar nan sau da yawa kafin bakinsa ya tsage. Lambar nan kuwa tana nuna kaurin harsashi ne, watau kusan sulusin inci. Ya ce, "Ɗana, na kanti an yi shi domin bindigar kowa. Nawa kuwa na yi shi domin wannan bindiga, da kuma zomo."

Ga yadda aikin ya ke. Yakan aza 'yar tukunyar ƙarfe bisa wuta ya narka darma, wadda ta ke narkewa in zafi ya kai digiri 327 a ma'aunin Selshiyas. Darma ba ta yi musu wuya, gama jiharsu ta daɗe tana cikin manyan wuraren haƙarta a Amurka, dutsen da a ke fid da ita daga ciki kuwa shi ne tozalin nan da matanmu su ka sani. Yakan ƙara mata kuza kaɗan, domin ta bi kowane lungu na mazubi. Mazubin kuwa ƙarfe biyu ne masu haɗuwa kamar awartaki, da ramin siffar harsashi a tsakaninsu. A ɗebo narkakkiyar darma da ludayin ƙarfe a zuba, a dakata kaɗan, a buɗe, sai harsashi ya faɗo bisa tsumma yana walƙiya kamar azurfa. Awon da su ke auna shi da shi sunansa giren, guda 7,000 ne laba ɗaya. Harsashin .32 kuwa nauyinsa wajen giren 98 ne, watau laba ɗaya ta darma ta kan ba da kamar saba'in.

In sun huce sai a tura kowane ɗaya ta cikin wani zobe, domin kaurinsa ya yi daidai da ramin bindiga, a cika tsagin da ke jikinsa da maiƙo mai haɗe da kakin zuma, kada darma ta manne cikin bututun. Sa'an nan a auna albarushi da mizani bisa ga littafin masu yinsa, ba da ka ba. Abin da a ke zubawa ɗan kaɗan ne ƙwarai, har kwanso ɗaya ya iya ɗaukar awo biyu ba a lura ba, wannan kuwa ya isa ya fasa bindiga a hannun mai ita. Don haka tsohon yakan jera kwansunan ya bi su da fitila ɗaya ɗaya kafin ya toshe su da harsashi.

Harsashinsa kuma mai faffaɗan baki ne, ba mai kan ƙwai ba, irin siffar da wani Ba'amurke mai suna Elmer Keith ya shahara da ita a kan manyan libarba. Dalili shi ne mai zagayayyen baki yakan zame ta cikin nama ya wuce, dabba ta gudu da rauni. Mai tsananin gudu kuwa yakan dagargaza zomo har a rasa na miya. Nasa yana tafiya kamar ƙafa 700 cikin daƙiƙa ɗaya, ya isa ya kashe nan take in an sami kai, bai kuwa isa ya ɓata nama ba.

Dokokin rumfar nan uku ne. Ba a kawo ruwa kusa da tukunya, gama ɗigo guda in ya nutse cikin narkakkiyar darma sai ta fantsamo wa mutum a fuska. Ba a ci ba a sha a ciki, jikokinsa kuma ba su shiga, kowa ya fito sai ya wanke hannu da sabulu. Wannan ban yi gardamarta ba, domin na tuna yadda gubar darma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ta uku kuwa ita ce, duk harsashin da ya fito da tamoji, ko gindinsa bai cika ba, a mai da shi tukunya. Wannan ita na karya.

A daren da ya fara bar mini ludayi, ban yi haƙuri mazubi ya yi zafi sosai ba. Darma in ta shiga mazubi mai sanyi sai ta daskare tun ba ta cika ramin ba. Na duba gabana, na ga tulin na banza ya fi na kirki, ga tsoho can gefe yana ta fid da nasa sumul sumul. Kunya ta kama ni, ni da a ke kira malami. Da ya fita duba shanunsa, sai na zaɓi guda goma sha biyu waɗanda aibinsu bai fito fili ba, na tura su cikin masu kyau. Na ce a raina, wannan ɗan lanƙwasa a gefen gindi, wanda sai an ƙura ido a ke ganinsa, me zai hana? Kashegari na ɗura akwatina na hamsin da hannuna.

Ran Asabar mu ka fita, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa fari fat. A bakin wani shinge na hangi zomo ya laɓe, bai fi yadi goma sha biyar da ni ba. Na jingina hannu bisa itace, na yi bismilla, na auna kansa, na ja kunama. Harsashi ya sauka a cinyarsa ta baya. Ban taɓa sanin zomo yana da murya ba sai ran nan. Ya yi ƙara kamar jariri, ya ja jiki ya shige ƙaya. Mu ka bi ɗigon jini bisa ƙanƙara, mu da kare, har wajen sa'a biyu, sa'an nan mu ka same shi ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen gungume yana makyarkyata, da sauran ransa. Na yanka shi, hannuna yana rawa. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma ran nan zomon ne ya biya bashin gaggawata.

Tsohon bai ce mini kome ba a hanya. Da dare na kasa cin abinci, na ce, "Baba, na yi maka ha'inci," na gaya masa duka. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Watakila hannunka ne, watakila harsashin ne. Gobe takarda za ta raba mu." Da safe ya zazzare harsasan da su ka rage a akwatina, ya ware miyagun, ya sake ɗura shida daga kowane kashi. Ya kafa takarda a yadi ashirin da biyar, ya aza bindiga bisa buhun rairayi. Masu kyau shida su ka taru wurin da tafin hannu ya rufe. Nawa kuwa su ka warwatsu, ko faifai ba ya rufe su. Ya bayyana mini cewa gindin harsashi shi ne linzaminsa. In gefe ɗaya bai cika ba, lokacin da zai bar bakin bindiga sai iskar albarushi ta riga kuɓucewa ta nan, ta karkatad da shi.

Sa'an nan ya tattara sauran miyagun ya ba ni, ya ce in zuba su tukunya da kaina. Kafin a ƙirga goma sun narke, ba a iya bambanta su da sauran darma. Ya ce, "Ka gani, ɗana? Tukunya ba ta ƙin karɓar kuskure, ba ta kuwa cin ko sisi. Amma wanda ya fita bakin bindiga ba ya komowa."

Har bayan harbi ma bai ɗauke wa kansa nauyin harsashinsa ba. Yakan yanke naman da ke kewaye da raunin ya binne tare da kayan ciki, domin gaggafa da shaho in sun ci ɓarɓashin darma su kan mutu. Saboda irin wannan ne jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin darma ɗungum tun 2019.

To, 'yan'uwa, ni yanzu ba na riƙe bindiga, alli na ke riƙewa. Amma bara, da na zauna gyaran takardun jarrabawa, na iske yara huɗu waɗanda lissafinsu bai nuna ba, saura ƙiris su haye. Zuciyata ta ce in ƙara musu lamba kaɗan, kada a ce ajina ya kasa. Sai na ji ƙarar zomon nan a kunnena. Na bar lambar yadda ta ke, na riƙa zama da su bayan la'asar har wata uku. Ku ma ba da daɗewa ba za a ba kowannenku aji, ba kuwa mai tsayawa a kanku in Hedimasta ya fita duba nasa shanun. Allah ya ba mu haƙurin jiran mazubi ya yi zafi, amin.