Tayar da ta dace da babur ɗin Hamdara

Babur ɗin Hamdara hanya biyu yake bi a rana guda: kwaltar da ta taso daga Zinder ta ratsa Mirya, da kuma rairayin ƙauyuka. Don haka a ganina taya mai matsakaitan haƙora ta fi dacewa da shi. Mai manyan haƙora tana kama yashi da taɓon damina, amma a kan kwalta roba kaɗan ce ke taɓa ƙasa, sai birki ya yi rauni, haƙoran kuma su cinye da wuri. Mai sulɓi kuwa tana shiga rairayi ta soma wutsil-wutsil.

Ɗan kabu-kabu zai ce matsakaiciya ba ta gwanance a ko'ina ba, kuma ta fi tsada. Gaskiya ne, sai dai rage iska kaɗan kafin shiga yashi yana faɗaɗa tafin tayar, a mayar in an hau kwalta. Batun kuɗi kuma, mai arha da ta daɗe a shago robarta ta bushe, ƙaya na huda ta, kuɗin ya ƙare wurin mai faci. Mai saye ya duba lambobi huɗu na jikinta: 2423 na nufin an ƙera ta a mako na 24 na shekarar 2023.