Ratsa Sudan A Kan Keke: Daga Wadi Halfa Zuwa Gallabat

A cikin watan Janairu na shekarar 2003 ne wani ayarin mahaya keke ya tashi daga birnin Alƙahira da niyyar sauka a Cape Town, tafiyar kimanin kilomita 12,000 cikin wata huɗu. Sunan wannan ayari Tour d'Afrique. Daga cikin ƙasashen da ya ratsa kuwa, Sudan ce ta fara nuna wa mahayan cewa hamada ba a shigarta da wasa.

A wancan zamani sai an shiga jirgin ruwa daga Aswan an haye tafkin Nasser kafin a sauka Wadi Halfa, garin da aka sāke ginawa bayan ruwan madatsar Aswan ya shanye tsohon. Daga nan zuwa Dongola akwai kamar kilomita 400, kuma kafin a shimfiɗa kwalta hanyar ba kome ba ce sai duwatsu da rairayi da burji mai kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Keke ya yi ta karkarwa tun safe, har hannuwa su mutu a kan kan keken. In an faɗa cikin rairayi mai laushi, taya ta nutse, sai a sauko a tura, ga kaya a kariya, ga jarkar ruwa. Yashi ya shiga sarƙa yana cinta sannu a hankali. Kayan gyaran keken Turawa kuwa ba a samunsu a ƙauyukan Nuba, saboda haka wanda bai ɗauko tif da faci da famfo ba, shi ya jiyo.

Abu biyu ke sauƙaƙa wannan zango. Na farko iskar arewa, wadda a lokacin sanyi take kaɗawa a bayan mai nufar kudu tana ingiza shi. Mai tahowa daga kudu kuwa da ita zai yi ta kokawa har ya kai iyakar Masar. Na biyu al'adar mutanen ƙasar ta ajiye randunan ruwa a ƙarƙashin rumfa a bakin hanya, sadaka ga duk mai wucewa. Ruwan Nilu ne, wani lokaci da ɗan gurɓata, amma sanyinsa a tsakar rana ya fi ƙarfin tsantseni. Baƙi da yawa sun ba da labarin yadda aka riƙa jansu zuwa gida a ba su shayi da dafaffen wake da gurasa, in sun fito da kuɗi a ɓata rai.

Bayan Dongola hanya takan rabu da kogin, ta yanka hamada kai tsaye zuwa Omdurman. Dongola zuwa Khartoum wajen kilomita 500 ne, kuma a nan ne lissafin ruwa ke zama lissafin rai. Mai hankali yakan tashi da asuba, ya nemi inuwa kafin azahar, ko da ƙarƙashin kwalbati ce. Daga watan Afrilu zafi kan haye maki 40, ga kuma guguwar ƙura da Sudanawa ke kira habub, wadda kan mai da rana dare.

Daga Khartoum zuwa Wad Madani masifar ta sāke kama: manyan motoci da bas-bas a kan siririyar kwalta, in sun danna oda sai mai keke ya yi gefe, gefen kuwa ƙaya ce. A wannan yanki ne mahayi zai iya jin ana ciniki da Hausa a kasuwa. Zuriyar mahajjata ne da suka ratsa wannan ƙasa a ƙafa, waɗansu suka yi shekaru suna noma a hanya don neman guzuri, da kuma jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Idan aka auna tafiyarsu da ta mai keke, to shi ai sarki ne a kan doki.

Zangon ƙarshe ya bi ta Gadarif, ƙasar dawa da riɗi, ya tuƙe a Gallabat, inda tsaunukan Habasha ke jiran ƙafafuwan da suka saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Duk wannan kuwa labarin kafin ranar 15 ga Afrilu, 2023 ne, ranar da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Khartoum ta zama fagen daga, Wad Madani ta faɗa hannun RSF a watan Disamba na 2023, sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Hanyar nan ta arewa da baƙi ke gangarowa a kan keke, ita ce dubban iyalai suka haura cunkushe a cikin motoci, suka yi sansani a Wadi Halfa suna jiran bizar shiga Masar.