Tsakanin Zunubi da Ankwa: Maganar da Zango Ke Gudu

Akwai maganar da mu mutanen Zango muke yi da murya ƙasa-ƙasa, in ma mun yi ta. A Aboabo da Asawase da Sawaba da Akwatia Line, kowa ya san akwai matan da ke cin abinci da jikinsu. Muna kiransu karuwai, ko ashawo, ko 'yan tuutuu. In muna son sakayawa mu ce mata masu zaman kansu. A yau ƙasashe da dama na muhawara a kan ko ya dace hukuma ta daina kama mace saboda wannan sana'a. Da zarar zancen ya iso majalisarmu, sai mu ce a'uzubillahi mu kau da kai. Neman tsari daidai ne, sai dai kau da kai bai taɓa fito da 'yar kowa daga bariki ba.

Zina haramun ce, wannan babu jayayya a tsakaninmu, kuma babu majalisar dokokin da za ta halatta ta. Tambayar da ke gabanmu wata ce: wa ankwa take kamawa, kuma me take gyarawa?

Dokar Laifuka ta Gana ta 1960, wato Act 29, ta hana neman abokin lalata a bainar jama'a, ta hana buɗe gidan karuwai, ta hana cin kuɗin karuwanci. A takarda ta haɗa da kawali da mai gida. A titi kuwa, idan aka kai samame, macen ake jefawa a mota, namijin da ya zo da kuɗinsa ya gyara hularsa ya wuce gida. Ita kuma ta nemi kuɗin beli ko na tara, kuma hanya ɗaya ta sani ta samunsu. Mafi muni, wadda aka doka ko aka yi wa fyaɗe ba ta iya zuwa ofishin DOVVSU ta kai ƙara, don tana tsoron ta shiga a mai ƙara ta kwana a mai laifi. Mugu ya san da haka, shi ya sa ita yake zaɓa.

Ƙasashen duniya sun rabu a kan mafita. Suwidin a 1999 ta ɗora laifin a kan mai saye, ta ƙyale mai sayarwa. Niyu Zilan a 2003 ta cire hukuncin daga kan manyan da suka yi da yardarsu, Beljiyam ta bi sahu a 2022. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Senegal, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne: tun 1969 mace mai shekara 21 zuwa sama tana iya yin rajista, a ba ta katin lafiya, a riƙa duba ta a asibiti. Tsarin yana da tasa matsalar, don mata da yawa suna gudun rajistar saboda kunya, amma Senegal na cikin ƙasashen Afirka da cutar ƙanjamau ba ta yi wa katutu ba.

Kakanninmu ma ba su rufe ido ba. Littafin tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya ambaci karuwai da magajiyarsu a ƙasar Zazzau. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo ta Ibadan, zangon Hausawa irin namu, ya nuna a 1969 cewa karuwanci a can yawanci zama ne tsakanin aure da aure. Ba a yaba shi, amma ba a toshe ƙofar dawowa: mace ta tuba, ta yi istibra'i, a ɗaura mata aure, a kira ta uwargida. Yau mun riƙe ƙyamar, mun yar da ƙofar.

Addininmu ma ya nuna inda nauyin ya fi yawa. Suratun Nur ta yi hani ga masu tilasta wa kuyanginsu karuwanci don neman abin duniya, ta kuma yi wa waɗanda aka tilasta albishir da gafara. Ita dai surar ta gindaya shaidu huɗu kafin a tuhumi mace, don a kare mutunci. Kuma duk ɗan makarantar Islamiyya ya san hadisin karuwar da aka gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa.

Masu adawa da sassauci suna da hujja, kuma tilas a saurare su. Suna tsoron a wayi gari da gidan karuwai mai lasisi a gefen makarantar allo, suna tsoron masu safarar 'yan mata su samu mafaka. Mu ma muna tsoro. Amma daina kama mace abu ne guda, ba wa kawali lasisi wani abu ne. Dokar hana safarar mutane ta 2005, Act 694, tana nan. A wasa ta a kan dillalan da ke yaudarar 'yan mata daga Arewa da Najeriya da alƙawarin aiki, da masu lalata ƙananan yara. Kuma Gana ta riga ta nuna cewa ana iya raba zunubi da kurkuku: a 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Babu malamin da ya ce kashe kai ya halatta. An dai gane cewa mai wannan hali magani yake buƙata.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a gidajenmu take. Bazawarar da aka saka da 'ya'ya uku babu ko sidi ɗaya na ciyarwa. Yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗora wa talla har dare. Kayayei da ke wuni da kaya a ka a Kejetia, su kwana a barandar shago, inda wani ke neman ladan gadinsu da abin da ba kuɗi ba. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu.

Muna da bakin magana. Ɗan majalisarmu na Asawase, Muntaka Mohammed Mubarak, shi ke riƙe da ma'aikatar cikin gida tun 2025, kuma 'yan sanda a ƙarƙashinta suke. Muna da fadar Sarkin Zango, da limamai, da magajiyoyi, da Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017. Kano ta fara aurar da zawarawa da jari a hannu a 2012. Ba sai mun kwafi kowa ba, amma zakkarmu za ta iya sayen keken ɗinki kafin talauci ya sayi 'yarmu.

Roƙonmu shi ne a cire ankwa daga hannun mai rauni, a kai ta hannun mai cin guminta, sa'annan mu sake buɗe ƙofar da kakanninmu suka bari a buɗe. Allah ya rufa mana asiri, ya shirya mana zuriya.