Hita, bokiti da birekar da ta ƙi zama

'Yan uwana ɗalibai, musamman mazauna Mairi da masu haya a kewayen hanyar Bama, hunturu ya kankama, na san kowa ya zaro hitarsa daga ƙasan jaka. Wanda bai zauna Maiduguri ba yana zaton garin nan zafi kawai ya iya. To ya zo a Disamba ko Janairu ya taɓa ruwan da ya kwana a jarka da asuba, sannan mu yi magana. Ga lakcar ƙarfe takwas tana jira, ga hazo ya rufe gari, wanka ya zama jarabawa mai zaman kanta. Ba wanda zai ga laifin mai dafa ruwa. Amma akwai abin da ake yi a gidajen haya a kan hitar nan da yake ba ni tsoro, shi ya sa na ce bari in yi dogon rubutu yau. Ku yi haƙuri ku karanta.

Mu da muka ga 2021 mun san darajar wuta. Tun da aka kayar da turakun layin da ya taso daga Damaturu a watan Janairun shekarar, garin nan ya yi wata da watanni a duhu, caji sai a shago, karatu sai da tocila. Ko bayan an buɗe tashar gas a 2023, ɗabi'ar da duhun ya koya mana ba ta sake mu ba: da an ce an kawo wuta, kowa ya ruga ya jona duk abin da ya mallaka a lokaci guda. Mutumin da ya sha irin wannan wahala, duk abin da ya katse masa wuta maƙiyinsa ne, ko da bireka ce.

Gidan da muke haya ɗaki takwas ne, mita ɗaya, akwatin bireka ɗaya a zaure. Kwana huɗu a jere, ana idar da sallar asuba sai gidan ya yi ɗif. Aka yi ta zagin NEPA, sai wani ya leƙa ya ga ƙwan maƙwabta yana ci. Aka je aka ɗaga bireka, ta zauna. Bayan ɗan lokaci ta sake faɗuwa. A rana ta huɗu har an fara nuna wa juna yatsa, wani na cewa maigida ne ya sayo mai araha, wani na cewa ta tsufa ne. Sai wani ɗan aji uku ya kawo shawarar da na tabbata kun sha ji a gidajenku: a cire ta kawai, a haɗa wayar kai tsaye, kowa ya huta.

Allah ya sa muna da ɗan aji huɗu a sashen injiniyan lantarki, mutum ne marar yawan magana. Ya ce, "Malam, kafin ka cire ta, wacce ce take faɗuwa a cikinsu?"

Shiru. Ashe duk masu ɗagawar ba wanda ya tsaya ya duba.

Ya buɗe akwatin ya nuna mana. Akwai ƙanana a jere, an rubuta 10 ko 20 a jikinsu. Waɗannan aikinsu lura da lodi: in wutar da ake ja ta wuce ƙarfin wayar, wani ɗan ƙarfe a ciki ya yi zafi ya lanƙwashe, sai ta faɗi, kuma layinta kaɗai take kashewa. Sai babba guda ɗaya a gefe mai ɗan maɓalli da harafin T. Ita ba ruwanta da lodi. Tana auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. In sun bambanta, ko da kashi 30 cikin 1,000 na amp ɗaya ne, ta san wuta ta sami wata hanya ta zuwa ƙasa, ta ruwa, ta bango mai laima, ko ta jikin mutum. Nan take sai ta kashe gidan gaba ɗaya. Wannan babbar ce take faɗuwa mana.

Abin da ya yi daga nan kowa zai iya. Ya sa aka zare komai daga soket a duk ɗakunan, har cajar waya. Ya ɗaga bireka, ta zauna lafiya, wato wayarin gidan ba shi da laifi. Sai aka riƙa jonawa ɗaya bayan ɗaya. Hitar ɗaki na ɗaya, lafiya. Ta biyu, lafiya. Dutsen guga, lafiya. Ana jona ta ɗaki na biyar, ko ƙiftawar ido ba a yi ba, ƙas!

Da aka fito da ita haske sai ga jikinta ya yi farin dafi kamar an shafa alli. Ruwan burtsatse ne ke barin wannan, yana taruwa ya hana zafi fita, ƙarfen ya yi ta gasuwa daga ciki. Ƙari kuma mai ita ya ce wani lokaci yakan jona ta kafin ya tsoma a ruwa, ko ruwan ya yi ƙasa rabinta yana waje. Da aka kankare dafin, ga tsaga siririya kamar gashi a wajen lanƙwasa. A cikin bututun nan akwai wayar da ke yin zafi, an kewaye ta da wani farin gari da ke raba ta da ƙarfen waje. Ruwa na shiga ta tsagar, garin ya jiƙe, wuta ta hau jikin hitar, daga nan ta shiga ruwan wanka. Injiniyan namu ya ɗauko ƴar mitarsa ta gwaji. Tsakanin ƙafafun fulogi ta nuna wajen om 35, daidai da hita mai wat 1,500. Tsakanin ƙafar fulogi da jikin ƙarfen kuwa, inda bai kamata ta nuna komai ba, sai ga lamba tana motsi.

Mai hitar bai yarda ba. Ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai a bokitin roba ba ta kayar da komai. Sai ranar da na ari na ƙarfe. Laifin bokitin ne."

Wallahi nan ne jikina ya yi sanyi, don gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce abin tsoron. Bokitin ƙarfe a kan jiƙaƙƙen siminti ya ba wutar hanya zuwa ƙasa, bireka ta gani ta faɗi. Roba ba ta wuce da wuta. Fulogin hitar kuma ƙafa biyu ne, babu wayar ƙasa. Wutar tana nan cikin ruwan ba ta da inda za ta bi, har sai wani ya zo ba takalmi ya tsoma yatsa ya ji ko ya yi zafi. Wa a cikinmu bai taɓa ganin mai yin haka ba? A gidanmu babbar birekar za ta iya katsewa kafin abin ya yi muni. A gidan da babu ita, ko aka cire ta saboda tana damun mutane, ƙananan nan masu 20 ba za su ko motsa ba, domin wutar da za ta tsayar da zuciyar mutum ba ta kai ko kusa da amp ɗaya ba.

Ban ma son in fara maganar masu haɗa hita da reza biyu ko cokula da guntun waya. Wannan ruwan da kansa ne wayar. In akwai a ɗakinku, ku yi faɗan yau.

Aka jefar da hitar, muka ce an gama. Bayan kwana biyu sai ga wata ta faɗi, amma wannan karon ƙarama ce, layin soket na ɓangare ɗaya, kuma ba nan take ba, sai da aka yi mintoci. Wannan lissafi ne kawai. A wutarmu ta bolt 230, hita mai wat 1,500 tana jan amp 6 da rabi. Guda uku sun kusa 20. Ƙara dutsen guga da risho na lantarki da wani ya ɗora indomi, an wuce. Sai aka sake samun mai shawara: a sayo mai 32 a Monday Market a sa. Injiniya ya ce wayar da ke cikin bango fa ba ta canja ba, in bireka ta daina faɗuwa ita ce za ta riƙa ɗaukar zafin, a inda ido ba ya gani, a gidan da kowane ɗaki akwai katifar soso da takardu. Ku taɓa fulogi ko ekstenshan bayan minti goma da jona hita. In da zafi, ko ramin soket ya yi baƙi, ko kuna jin ƙaurin roba, wannan aikin mai gyaran wuta ne, ba na ɗalibi da sukundireba ba.

Da maigida ya zo karɓar kuɗin mita muka gaya masa duk yadda aka yi. Ya ce, "Yarana, da kun cire ta da ni da ku sai a gaban mai unguwa." Muka ce, "Baba, ai ba a cire ba." Ya danna maɓallin T ɗin da kansa, gida ya ɗauke, ya mayar, ya ce haka mai wayarin ya koya masa ya riƙa yi lokaci-lokaci.

Yanzu dai hita biyu ake jonawa a layi ɗaya, ba ƙari. Bokiti mai lita 15 yana ɗaukar kamar minti 18 kafin ya yi ɗumin wanka in wutar da ƙarfi, don haka muka raba asuba gida-gida, masu lakcar takwas su fara. A tsoma kafin a jona, a zare kafin a taɓa. Jadawalin yana manne a ƙofar zaure. Ɗaki na uku da na shida har yanzu ba su daidaita a kan wa zai fara ranar Litinin ba.